Gidan Da Ba A Cewa Dasta

A Illela, duk wanda ya isa ɗaukar buhu ya san kalmar dasta. In direba ya bi ta gaban shinge da rana tsaka, kaya har sun fi motar tsawo, bai ko rage gudu ba, sai a ce ya dasta. In mace ta tsaya gaban mijinta ta faɗa masa abin da danginsa kaf suka kasa faɗa, ita ma ta dasta. Ba a jin kalmar a rediyo. Ko Sakkwato da ke nan kusa, in ka faɗe ta sai an tsaya ana kallon bakinka. Kuma duk wanda ya taɓa shan inuwa a rumfar Mukhtar mai albasa ya san mutumin da ke cewa a kansa aka haife ta, wato Baba Yari.

Baba Yari shekararsa tamanin da biyar, haƙoransa huɗu, kuma bai taɓa zama gaban allo ba balle benci. Bai ga abin da ya rasa ba. Farin da aka yi a saba'in da uku ya cinye masa jakai tara, shi bai ci shi ba. Kwalara ta shigo unguwarsu ta kwashe gidan dama da na hagu, ta tsallake nasa. An rufe iyaka an buɗe, an sake rufewa an sake buɗewa, masu rufewar da yawa suna ƙarƙashin ƙasa, shi yana nan yana murza goro da dasashi. Likitan da ya hana shi gishiri, da ƙafarsa ya je ta'aziyyarsa. Saboda haka in mai takarda ya buɗe baki a gabansa, kallon tausayi yake masa, irin wanda ake yi wa ɗan maraƙin da bai san ana yanka ba.

Ga yadda yake ba da labarin. Shekara biyu kafin Turawa su tafi, akwai wani akawu a shingen iyaka, baƙin mutum daga can bakin teku, mai hular kwano da bulalar dorina. Turancinsa ko Turawan sai sun tsaya sun yi tunani, don a tsofaffin littattafai ya koye shi. Ran nan ya kama jaki da kayan kanwa da dabino, ya ɗaure shi a gindin aduwa, ya ce ya zama na hukuma. Mai jakin ya ce zai kwance abinsa. Akawu ya tare gabansa, 'yan doka biyu a bayansa, ya ɗaga bulala yana ta maimaita magana ɗaya da Turanci, ba a tsinci komai a cikinta ba sai "dast, dast". Mai jaki ya sunkuya ya kwance igiyar a hankali, har ya tsaya ya naɗe ta a hannu, ya ja dabbarsa ya bi ta tsakanin 'yan dokan, da hantsi, 'yan kasuwa na kallo. Bulala ba ta sauka ba. Kafin la'asar gari duka ana cewa ya dasta.

Duk wannan haka aka yi. Wuri ɗaya ne ba haka ba. Mai jakin ba Yari ba ne, Lawwali ne, mijin yayarsa Hindatu. Yari yana wurin a ranar, da ƙarfinsa, da nasa jakin, amma da ya ga bulala ta tashi sai ya tuna yana da uzuri a bayan wani rumbu. Lawwali aka riƙa kira Dasta, sunan ya bi shi har Ƙonni da Tawa. Ya rasu a shekarar fari, abokan tafiyarsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da farko Yari "muka kwance" yake cewa. Da ya duba ya ga ba sauran mai tanka masa, sai "muka" ta rame ta koma "na". Shekara arba'in ke nan da wannan labari yake samun wurin zama a tsakiyar tabarma, kuma ko kaɗan bai ga laifinsa ba, tunda Lawwali ba ya bukatar suna inda yake.

Shaida ɗaya ta rage a duniya, Hindatu. Ita kuwa Yari bai taɓa jin tsoronta ba. Mace irin ta da ba ta kama sunan mijinta, na yanka ne ko laƙabi, yana raye ko yana kushewa. Tun ranar da kalmar ta zama sunan Lawwali ta fita daga bakinta, ba ta sake komawa ba. Ta yaya za ta ƙaryata shi a kan abin da ba za ta iya furtawa ba?

Ana nan sai ga Nu'man. Ɗan gidan malamai ne, ɗan ƙanen Malam Harisu mai makarantar bayan masallaci, amma a Kaduna aka haife shi, can ya girma, Hausarsa irin ta rediyo. Ya iso rumfar albasa da jaka a baya kamar mai shirin gudun hijira, da gorar ruwa a hannu, wai ruwan Illela ba ya karɓarsa. Ya durƙusa ya gaida Baba Yari, wannan kam an koya masa. Ya ce yana karatun digiri na uku a fannin Turanci, kuma wani direban albasa ne ya ji ya yi kalmar a tashar Kaduna, shi ya sa ya biyo sawunta.

Yari ya ce ya zauna ya yi bayani, in bayanin na da kai.

Nu'man ya ce akwai wata kalmar aiki a tsohon Turanci, durst, ma'anarta mutum ya yi ƙarfin hali ya aikata abin da ake tsoro. Turawan yau sun daina faɗar ta, sai a tsofaffin littattafai. Ya bi ta baya, baya, har wajen shekara dubu, lokacin da ake ce mata dorste, ya ga 'yan'uwanta a wasu harsunan ƙasar Turai. Shekara uku yana wannan aiki. Abin da yake so ya tabbatar shi ne ko dasta ta Illela jikar waccan ce.

Yari ya juya ya dubi Mukhtar, ya dubi buhunan albasa, ya dawo da idonsa.

"Shekara ukku," in ji shi. "Kalmar da masu ita sunka yar a juji, ita kaka bi kana tsinta. Ashe boko ma na da 'yan bola-jari."

'Yan rumfa suka yi dariya. Nu'man ma ya yi, don bai san me zai yi ba in bai yi ba. Ya fito da wata 'yar na'urar ɗaukar magana da ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba, ya ce in Baba ya yarda zai naɗi labarin daga bakinsa. Ya ce in abin ya tabbata, sunan wanda aka faɗa wa kalmar zai shiga littafi, a ajiye a ɗakin karatu na jami'a, wanda ba a haifa ba ma ya zo ya karanta.

Yari ya ce shi littafi bai dame shi ba, bai taɓa ganin littafin da ya ɗauki buhu ba. Amma washegari da Nu'man ya dawo, ya tarar da shi cikin rigar da yake zuwa Idi da ita, an sa mata shuni da bugu. Daga ranar kuwa ita yake sawa kullum. Yari ya ba da labarin tun daga kalar jakin har ƙamshin man da akawu ke shafawa. Ya ce a rubuta Yari, a ƙara da "na Illela", don akwai wani Yari a Garu, ragon banza, kada a haɗa su.

Da abin ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai dai shi mai boko ba ya jin magana ya yarda, sai ya wahalar da ƙafarsa. Nu'man ya ce ƙa'idar aikinsu bakin mutum ɗaya ba ya isa. Ya zana taswirar unguwar a babbar takarda, ya riƙa bi gida gida yana tambaya: kun san kalmar nan, daga wa kuka ji ta, tun yaushe? Gidan da aka sani ya ɗiga kore, inda ba a sani ba zai ɗiga ja. Kwana tara yana yawo cikin rana. Yari yana zaune a rumfa yana ganin wucewarsa, yana cewa ga ɗan Malam can ya fita ƙidayar kaji.

Ana cikin haka Malam Harisu ya sa baki. Ya aiko a gaya wa ɗan ƙanensa ya daina wahala, kalmar Larabci ce, daga dusta, wato ka taka, kuma a zauren kakansu aka fara yin ta, almajiran gidan suka fita da ita gari. Da wannan magana ta iso rumfa, Yari ya fitar da goron bakinsa. Gidan Malam Harisu suna da makaranta, suna da limanci, suna da sahun gaba, in an yi suna su ake fara miƙa wa ƙafar rago. Ba wanda ya taɓa jan jaki a cikinsu ko zuwa Amarawa. Bulalar da suka sani ita ce wadda suke riƙe da ita, ba wadda aka ɗaga musu ba. Yanzu kuma kalma ɗaya da 'yan jaki suka samu da fatar bayansu, ita ma suna so a kai musu zaure.

Rana ta goma Nu'man ya zo da taswirarsa, duk ta yi kore, gida talatin da tara. Saura ɗaya. An gaya masa a can ƙarshen lungu akwai tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwar, matar wani ɗan jaki, kuma ashe yayar Baba ce. Ya ce ita ce za ta yanke magana. In kalmar ta kai shekarun da Baba ya faɗa, ba yadda za a yi matar ɗan jaki ta rasa sanin ta. Ya roƙi Baba ya raka shi.

Yari ya ce tsohuwar ba ta ji sosai, kuma ba ta son baƙi. Nu'man ya ce zai ɗaga murya. Yari ya ce rana ta yi. Nu'man ya ce zai samo mashin. Ganin 'yan rumfa sun fara kallonsa, Yari ya ɗauki sandarsa ya ce shi da ya je Agadas a ƙasa ba za a ɗora shi bisa mashin zuwa gidan yayarsa ba.

Suka tarar da Hindatu a tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya, tana tsince wake a faifai. Shekara tamanin da takwas, ta ƙanƙance kamar yarinya, amma idonta ba abin da ke wuce shi. Ta amsa gaisuwar Nu'man, ta tambayi gidansu ɗaki ɗaki, har ta tuna masa ranar da aka yi wa ubansa kaciya ya gudu ya ɓuya a rumbunsu. Ta dubi ƙanenta da rigar Idi ranar Talata, ta tambaye shi ko aure zai ƙara.

Nu'man ya ajiye na'urarsa kusa da faifan. Ya ce, "Inna, akwai wata kalma da ake yi a garin nan. Dasta. Kin san ta?"

Hannun Hindatu ya tsaya a cikin waken. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta juya kai wajen bango.

Nu'man ya ɗauka ba ta ji ba. Ya matso, ya ɗaga murya, ya raba kalmar biyu kamar mai koya wa yaro. Ya ce ta maimaita bayansa ko sau ɗaya ne, don na'urar ta kama. Tsohuwa ta ci gaba da tsintar wake, tana jefar da masu kyau tare da tsakuwa.

Ya sake dabara. Ya ce to, in mutum ya bi ta gaban shinge da kaya bai ji tsoro ba, me ake cewa ya yi?

"Ya yi irin ta mutanen," in ji ta, murya ƙasa ƙasa.

"Waɗanne mutane, Inna?"

"Mutanen dai."

Ya tambayi matar jikanta da ke wanke-wanke a gefe. Ta ce ita tana ji a waje, amma a gidan nan ba ta taɓa jin an yi ba, ko maigidanta ba ya yi in ya shigo. Nu'man ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano abu. Ya zaro jan biro, ya ɗiga a kan gidan Hindatu, ya kewaye ɗigon har sau biyu. Ya yi godiya, ya ajiye mata sabulu da goro, suka fito.

A zaure ya tsaya, ya gyara murya. Cikin ladabi ya yi maganar, wannan ba za a hana shi ba. Ya ce Baba ya yi haƙuri. Wadda ta fi kowa tsufa, matar ɗan jaki, ba ta san kalmar ba, gidanta ma ba a yin ta. Ke nan kalmar ba ta kai zamanin akawu ba, kuma ba daga 'yan jaki ta fito ba. Ba ya cewa Baba ya yi ƙarya, tsufa ne, abubuwa sukan haɗu wa mutum. Zai cire labarin jakin, ya bi maganar Baffa Harisu, tunda ita aƙalla akwai littafin da za a buɗe a nuna. Shekara ukun da ya yi yana bin tsohon Turanci kuwa, zai san yadda zai yi da su.

Yari ya jingina da bangon zaure. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya yi shi nan take. In ya yi shiru, yaron nan zai hau mota ya koma Kaduna da takardarsa. Ba mai karanta ta a rumfar albasa. Gobe zai zauna tsakiyar tabarma ya ce ɗan boko ya zo bai gane komai ba, ya ci gaba da kwance jakinsa har ranar da za a ɗauke shi. Ba abin da zai rasa sai suna a littafin da ba zai iya karantawa ba.

Amma kalmar za ta koma zauren Malam Harisu. A rubuce. Wanda ba a haifa ba zai zo ya karanta cewa masu zaman buzu ne suka haifi dasta.

Kuma ga wannan ɗigon ja. Shi ne ya fi ci masa rai. Mutum ya yi shekara ashirin da wani abu ana koya masa karatu, an kai shi har inda zai bi sawun kalma shekara dubu a ƙasar da bai taɓa takawa ba, ya zo ya zauna kamu ɗaya da tsohuwa, ta ja mayafi a gabansa, bai ga komai ba. Jakin Lawwali ma da ya gane. A bar irin wannan ya tafi yana zaton shi ne mai sani, Yari kuma tsohon da abubuwa suka haɗu wa?

"Dakta," in ji shi, ko da yake yaron bai zama ba tukuna. "Uwarka, mi taka ce ma ubanka in za ta kiran shi?"

Nu'man ya ce Daddy take cewa, wani lokaci kuma ta kira sunansa.

"Na sani. Ga shi nan a goshinka." Yari ya nuna cikin gida da sanda. "Waccan da ka ɗiga ma ja, jikanta da ka ji an ce maigidan yarinyar nan, sunan kakansa garai. Shekararsa talatin da biyar. Tambayi kowa in ta taɓa kiran shi da sunan. Abba taka ce mai. In an zo lissahin mutanen da sunka mutu a shekarar fari, tana kai wa kan mutum guda ta tsallake, ta ce da mutanen. Kai kuwa ka zaka har tsakar gidanta, ka aje mata ƙarfe gaban hanci, kana ta kwarara mata sunan mijinta awa mai tallan kanwa, wai ta maimaita bayanka. Sau biyar na ƙirga."

Nu'man ya ce ai sunan mijinta Lawwali, haka aka gaya masa.

"Na yanka ke nan. Dasta aka ce mai. Daga nan har Tawa."

Yaron ya yi tsaye, baki a sake. Yari ya ga abin yana shiga kansa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar fadama. Gida talatin da tara suna yin kalmar domin a wurinsu kalma ce. Gida ɗaya ba ya yi domin a nan mutum ce, mai gidan, kuma 'ya'ya da jikoki sun taso sun ga uwarsu na kewaye ta, su ma suka kewaye. Inda ya ɗiga jan, nan ne mahaifarta.

Sai kuma ya ga ɗaya abin ya iso, wanda ya san zai iso. Nu'man ya dube shi, ya dubi ƙasa.

"To Baba, in shi ake kira haka, ke nan mai jakin..."

"Ina nan wurin," in ji Yari. "Da idona na gani. Kai kana ina?"

Nu'man ya ce, cikin jin nauyi, ya yarda, amma malamansa za su nemi wata hujja bayan magana. Yari ya yi tsaki mai tsawo. Mace mai rai ta ja mayafi bai isa ba, sai an kawo matacciyar takarda. Ya juya ya koma cikin gida, yaron na biye.

Hindatu na nan inda suka bar ta. Zauren ba shi da nisa, kuma kunnenta da aka ce ba ya ji ya ji komai. Yari bai zauna ba. Ya ce, "Yaya, takardar nan ta mutanen, ta Faransawa. Tana nan?"

Ta dube shi. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ƙi hannun matar jikanta, ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da wani ƙullin tsumma, ta kwance, ta sake kwance wani a ciki. Takardar wucewa ce irin wadda ake ba fatake a Ƙonni a wancan zamani, ta yi ja, ta kakkarye a kan ninki. Ba ta miƙa wa Nu'man ba. Ƙanenta ta miƙa wa, shi ya miƙa.

Nu'man ya riƙe ta da hannu biyu kamar za ta narke. Ga hatimi, ga shekarar hamsin da tara, ga suna da rubutun Faransanci, na yanka da laƙabin a jere. Ya buɗe baki zai karanta da ƙarfi, Yari ya buga sanda a ƙasa, yaron ya rufe bakin. Ya ɗauki hoton takardar ta gaba da ta baya. Ya durƙusa ya ba Inna haƙuri, ya sake ba ta. Ta ce ba komai, yaro ne, ba a gaya masa ba.

Da aka mayar mata ta naɗe abinta, ba ta ɗago ba ta ce, "Yari."

"Na'am, Yaya."

"Uzurin nan da ya kai ka bayan rumbu. Ka daɗe ba ka hito ba."

Matar jikan ta sunkuyar da kai cikin kwanonin wanke-wanke, kafaɗunta na motsi. Yari ya ce rumbun babba ne. Hindatu ta ja faifanta, ta shiga maido da waken kirki da ta zubar ɗazu, ɗaya ɗaya.

A zaure suka sake naɗar labarin. Wannan karon gajere ne, ba kalar jaki, ba ƙamshin mai. Yari ya faɗi sunan Lawwali, ya faɗi laƙabinsa, ya faɗi inda kowa ya tsaya, har da kansa, ko da yake ya ce daga bayan rumbun an fi ganin komai. Nu'man ya ce sunan Baba zai fito a ƙasan shafi, a matsayin wanda aka ji daga bakinsa. Yari ya tambaya ƙasan shafi ƙaramin rubutu ne ko babba. Aka ce ƙarami. Ya ce to a tabbata an sa "na Illela".

Magana ba ta kwana a gidan da ke da matar jika. Kafin ya isa rumfa washegari, da tsohuwar rigarsa, labari ya riga shi. Ba wanda ya tare shi da maganar kai tsaye. Mukhtar dai ya ci gaba da ware albasa, yana tambayar wani direba ko ya san inda ake samun rumbu mai faɗi, yana da baƙon da ke son inuwa. Tsakiyar tabarma kuwa wani dillali ya zauna a kai, bai kuma matsa ba.

Yari ya zauna a gefe, inda rana ke taɓa ƙafa. Ya ɓare goro, ya sa a dasashi, ya bar su suka gama dariyarsu. Ya binne waɗanda suka fi su iya dariya. Da dariyar ta lafa, ya ce da wani baƙo ɗan Tozai da ke kusa da shi, wanda bai san komai ba, ko ya taɓa ganin mai digiri uku ya durƙusa gaban wanda bai san alif ba yana neman a nuna masa hanya.

Baƙon ya ce bai taɓa ba.

"Matso," in ji Yari.